Binlang na Cikin Leda

Laifina ne, ba zan ɓoye ba. Da na buɗe akwatin nan a hanya na duba abin da ke ciki, da ba a yi abin da aka yi ba.

Geng Tao ya same ni da safe ina kwance igiyar jirgina. Ya sa farar riga mai guga, ya rungume wani jan akwati kamar jariri.

"Kawu Sheng, ka ce za ka raka ni."

"Na ce. Binlang ɗin ne a ciki?"

"Shi ne. Mafi tsada na saya."

Ban ƙara tambaya ba. Binlang ɗan itace ne da muke taunawa kamar goro. A ƙauyenmu ko yaron goye ya san irin wanda ake kai wa uban yarinya in ana neman aurenta. Na manta Tao ba ɗan nan ba ne. Daga can arewa ya fito, inda kogi ke daskarewa har mota ta bi ta kai. Shekara biyu da suka wuce ya sauka da jakar goyo da silifas, bayan an rufe masana'antar da yake aiki. Ya ce sati ɗaya zai yi, don gado a masaukin Fu, mijin yayata, yuan arba'in ne kacal, teku kuma kyauta. Har yau satin nan bai ƙare ba. Shi ke gyara baburan haya, shi ke liƙe katakan hawan igiyar ruwa in baƙi sun fasa. Duk mai ido kuma ya san ba teku ce ta riƙe shi ba. Lidan ce, 'yar marigayiya yayata.

Ba shi da kowa a duk tsibirin Hainan, shi ya sa na zama wakilinsa.

Mun tarar da Fu, uban Lidan, zaune a falo fuska a ɗaure. A bayansa, kan teburin kakanni, ga kwando biyu da dangin Ji suka kawo jiya. Ɗanyen binlang ne kore shar, kowanne da ganyensa an naɗe shi da kusurwa uku, da farar tokar ƙwanson teku a ciki, kamar inji ne ya yi. In Fu ya ɗauki ɗaya ya tauna, an ba Ji Yongfa Lidan ke nan. Bai tauna ba, bai kuma mayar ba.

Dama rabon Fu da sa binlang a baki shekara shida, tun ranar da muka binne yayata Gui. Ita ke naɗa masa.

Yongfa da kansa yana tsaye a bakin ƙofa, wai kifi ya kawo. Mai gidan abinci ne da jiragen ruwa masu gudu uku, kuma bai taɓa kai wa kowa kifi da hannunsa ba sai ranar.

Tao ya durƙusa, ya miƙa akwatin da hannu biyu.

"Baba, na zo neman Lidan."

Fu ya buɗe. Na leƙa.

Ledoji ne masu ƙyalli, jere reras, irin na kanti. Busasshen binlang baƙi ƙirin, wanda aka ƙyafe da hayaƙi aka jiƙa da zaƙi.

Yongfa ya fara dariya har yana riƙe ƙofa.

"Baba Fu, direban babbar mota ya ɗauke ka! Ai wannan suke tauna don kada barci ya kwashe su a hanya."

Fu bai yi dariya ba. Ya ɗaga leda ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Sheng, kai ka rako wannan?"

"Ni ne. Ban duba ba."

"An busar da shi don ya jure tafiya," in ji Fu. "Kayan matafiyi ne. Ya kawo abin da ya yi kama da shi." Ya rufe akwatin ya tura da ƙafa. "Ganyen Ji ba zai wuce jibi ba zai yi yaushi, kuma ba na mayar wa mutane kayansu a bushe. Jibi da hantsi zan ba da amsa. Ɗauki kayanka."

Tao ya ɗauka ya fita. Kunnuwansa sun fi akwatin ja.

* * *

Yongfa na tafiya Lidan ta sauko daga bene da zannuwan gado a hannu. Ta ji komai. Ta zubar da su a ƙasa ta durƙusa gaban ubanta. Ni kuwa ban motsa ba, don ba wanda ya isa ya kore ni daga gidan yayata.

"Baba, bai sani ba ne."

"Na ga alama."

"Har birnin Sanya ya je ya sayo. Ya tambayi mai kanti wanne ya fi daraja."

"Mai kanti ya tambaya. Bai tambayi ko mutum ɗaya a ƙauyen nan ba."

Hawaye suka zubo mata.

"Don leda ɗaya za ka raba ni da shi?"

"Ba don leda ba." Fu ya nuna bene, inda baƙi ke ta hayaniya suna neman man shafawa na rana. "Shekara bakwai ina kallon waɗannan. Su zo da jaka a baya, su kwanta a rairayi su ƙone kamar jatan lande, su ɗauki hoton kwakwa, su ce ba inda ya kai nan daɗi a duniya. Ran Lahadi su hau mota. Suna son teku ne don ba ta taɓa cinye musu kowa ba."

"Ni nake canza musu zanin gado, Baba. Na fi ka sanin masu tafiya. Tun daga yadda mutum ya ajiye takalminsa nake gane shi. Wannan ba mai tafiya ba ne."

"Haka kike gani."

"Guguwar bara wa ya hau rufi ya ɗaure kwano? Yongfa ne? Yana can yana jan jiragensa tudu!"

"Na gode masa a lokacin."

"To me kuma kake so?"

Fu ya ce, "Mutumin da ya shekara biyu a garinmu bai san abin da muke taunawa ba, ba zama yake yi ba, Lidan. Hutu yake yi. Hutu kuma ƙarewa yake."

Ta goge fuska da bayan hannu. Shekararta ashirin da takwas, amma a lokacin sai na ga uwarta sak.

"To ka ji tawa. Na yi wa Mama alkawari ba zan yi aure ba sai ka tauna. Ba zan karya ba. Amma Yongfa ba zan aure shi ba ko da jirgi ɗari. In ka tauna na Ji a gaban mutane, ba zan tsaya in ƙaryata ka a garin nan ba. Jirgin ruwa zan hau in tsallaka, ni kaɗai, in nemi aiki. Ka samo mai yi maka shimfiɗa."

"Barazana kike min?"

"Faɗa maka nake, don kada ka ce ban faɗa ba."

Ta kwashe zannuwanta ta hau sama tana kuka. Fu ya dube ni.

"Kai kuma me kake kallo?"

"Tsohon da zai kwana shi kaɗai da gadaje ashirin," na ce. Na fita.

* * *

Na sami Tao a ɗakinsa na bayan gida, zaune a bakin gado, tsohuwar jakar goyon a kan cinyarsa.

"Ina zuwa?"

"Kawu, na kunyata ta. In na tafi ko babanta zai huce."

"In ka tafi ka gaskata shi ke nan. Ajiye jakar nan kafin in jefa ta a teku."

"To me zan yi? In je kasuwa in sayo ɗanyen?"

"Ka sake saye? Kai komai saye? Tashi, hau babur."

Na kai shi kan tudu, gidan Innata. Ta haura tamanin, bakinta ja wur, ba ta kuma taɓa tauna magana ba. A bayan gidanta akwai itatuwan binlang goma sha biyu, dogaye siriri. Yaya Gui ce ta shuka su da hannunta kafin ta yi aure.

Inna ta kalli Tao sama da ƙasa.

"Wannan ne ɗan ƙanƙarar? Shi ya kai wa surukina abincin direbobi?"

Labari ya riga mu hawa tudun.

"Kaka, ki yi haƙuri, ban sani ba."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Jikin nan naka kamar bijimi, kanka kuma kamar kwakwar da aka shanye. Me Lidan ta gani?"

"Ni ma ban sani ba, Kaka."

Ta yi dariya har tana tari. "To, aƙalla ba ka da ƙarya. Sheng, ba shi gora."

Na miƙa masa doguwar gorar da ke da lauje a kai. Sau huɗu yana kai sara yana kuskure. Na biyar nonon binlang ya tsinko gaba ɗaya ya sauka a kafaɗarsa, Tao ya zube ƙasa warwas. Inna ba ta ko tashi ba.

"Ka ga, shi ma ya gaishe ka."

Ranar ya tsinki ganye, ya sauka bakin ruwa ya tsinto ƙwanso, ya ƙona, ya daka, ya kwaɓa. Tokar ta cinye masa fatar yatsu. Washegari aka zauna naɗi. Inna ta yi ɗaya a gabansa, kafin ka ƙifta ido ta gama. Ya ɗauki ganye da manyan yatsun nan nasa na bakanike, ya murɗa, ya yage.

Ta buge masa hannu da mafici.

"Ganye ne, ba tayar babur ba!"

Ya sake. Wannan bai yage ba, amma ya fito kamar abin da akuya ta tauna ta tofar.

"Kaka, ko za ki naɗa mini ko da goma ne, na saman kwando?"

"Ni kake nema da aure? In ni ce, kawo in naɗa, gobe a ɗaura."

"A'a, Kaka."

"To naɗa."

Da la'asar ta zaɓi ɗaya daga cikin nasa, ta haɗa da ɓarin binlang ta miƙa masa.

"Tauna."

"Ban taɓa ba. An ce yana juya kai."

"Za ka kai wa mutum abin da ba ka san ɗanɗanonsa ba? Ai abin da ya kai ka ƙasa ke nan jiya. Tauna, ka tofar da ruwan farko."

Ya tauna. Ya manta bai tofar ba, ya haɗiye. Nan da nan fuskarsa ta yi ja, gumi ya keto masa kamar an watsa masa ruwa, ya miƙe zai yi magana sai ƙafafu suka ƙi. Ya rungume itacen binlang yana cewa ƙasa tana tafiya.

"Riƙe ta da kyau kada ta gudu," in ji Inna.

Da ya dawo hayyacinsa ya zauna, ya jawo ganye ya ci gaba. Ba wanda ya ce masa ya ci gaba. Inna ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "Gobe ka zo da babur da wuri. Da ni za a sauka."

Shekara uku ke nan rabonta da sauka daga tudun.

* * *

Da hantsi falon Fu ya cika. Yongfa ya zo da gwaggwanninsa biyu, sun sha ado. Baƙin masauki sun jeru a matakala da gajerun wanduna suna leƙe, sun ɗauka biki ake. Lidan na tsaye a ƙofar kicin, idanu a kumbure. Na hango ƙaramar jakarta a bayan ƙofa, a ɗaure. Fu ma ya gan ta.

Muka shiga, Inna a gaba tana dogara sanda, Tao a baya da ɗan kwandonsa. Fu ya miƙe da sauri.

"Inna! Me ya sauko da ke?"

"Kallo na zo. Zauna."

Tao ya durƙusa ya ajiye kwandon. Yatsunsa duk a naɗe da tsumma.

"Baba, na dawo. Wancan karon saye na yi. Wannan ni na sara, ni na ƙona tokar, ni na naɗa. Ba kyau, na sani."

Babbar gwaggon Yongfa ta leƙa ta toshe baki.

"Wayyo! Wannan naɗi ne ko kaguwa ce ta taka?"

Yongfa ya ce, "Baba Fu, kada ka sa wannan a baki, asibiti da nisa."

Fu ya ɗauki ɗaya. Ya juya ganyen, ya ajiye. Sannan ya ɗauki binlang ɗin kansa, ya daɗe yana kallo. 'Ya'yan itatuwan Yaya Gui gajeru ne masu ƙiba, ba irinsu a kasuwa. Shekara ashirin da biyu yana taunarsu.

"Daga ina ka samo wannan?"

"Daga bayan gidan Kaka."

Fu ya mayar da shi cikin kwando.

"Itacen kirki ne. Naɗin banza ne. Ba a taɓa kawo wa mutum irin wannan a gidan mutunci ba."

"An taɓa," na ce.

Kowa ya juyo.

"Sheng, rufe bakinka."

"Ba zan rufe ba. Ina da shekara goma sha biyu wani ɗan cikin jirgi ya hau tudunmu. A ruwa aka haife shi, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, ba uwa, ba gwaggo mai naɗa masa ganye. Shi ya naɗa da kansa. Ni na karɓi kwandon a ƙofa, na yi dariya har na faɗi. Mutanen tudu suka ce kada a ba shi, ɗan ruwa ne, wata rana zai kwance igiya ya tafi."

Idanu suka koma kan Fu.

Inna ta buga sanda a ƙasa. "Na wannan yaron ya fi naka kyau, Fu. Naka zare ka sa ka ɗaure don kada ya warware. Tokar kuma ta yi yawa, sati guda bakina na ciwo."

Wani daga cikin baƙin matakala ya yi dariya, aka harare shi.

"To me ya sa kika tauna?" Lidan ce ta tambaya. Ba ta taɓa jin labarin ba.

"Yatsunsa na duba, ba ganyen ba," in ji Inna.

Fu bai ɗaga kai ba. Can ya miƙe, ya je teburin kakanni, ya sauko da kwandunan Ji biyu, ya ajiye su gaban gwaggwannin da hannu biyu.

"Ganyenku bai yi yaushi ba. Na mayar da shi da ɗanyensa. Ku gaida mutan gida, na gode da karamci."

Yongfa ya miƙe. "Baba Fu, a kan wannan mai jakar goyon?"

"A kan 'yata. Ta ce ba ta so. Sauka lafiya."

Suka kwashi kwandunansu suka fice, gwaggon tana ta mita har titi.

Lidan ta matso, ta durƙusa kusa da Tao. Kowa ya zuba wa hannun Fu ido. Ya sunkuya, ya ɗauki naɗi ɗaya da ɓarin binlang.

Fu ya jefa su a aljihun riga.

"Ban ce na karɓa ba. Baƙi na jiran karin kumallo. Kowa ya kama gabansa."

Ya sa hularsa ya fita bakin ruwa.

Lidan ta fashe da kuka. "Kaka, me wannan ke nufi? Bai tauna ba, bai mayar ba!"

"Yana nufin ubanki taurin kai gare shi. Je ki kwance jakar nan, ki kawo min shayi."

* * *

Washegari da rana ta ɗan ɗago na sauka wajen jirage. Baƙi biyu har sun shimfiɗa tawul sun kwanta. Fu na zaune a gefen tsohon jirginsa yana ɗinkin koma, ya ba ni baya.

"Yaya Fu, an tashi lafiya?"

Na zagaya gabansa. A kan farin rairayi, dab da ƙafarsa, ga tofi ja wur. Leɓɓansa ma ja, idanunsa sun yi ruwa.

"Me kake kallo?"

"Ba komai. Idonka ne na ga yana hawaye."

"Toka ce. Ya cika ta da yawa, sakaran."

"In je in gaya wa Lidan?"

Ya ja zare ya ƙulla, ya gutsure da haƙori.

"Ka gaya wa ɗan ƙanƙarar nan ya koma wajen Inna ya koyi awon toka. Ba zan ƙare rayuwata ina taunar wannan wutar kullum ba."

Na juya zan hau tudu, sai na ga ba sai na je ba. Lidan na tsaye a kan rufi da zanin gado a hannu, tana kallonmu. Na nuna mata bakina, na nuna ubanta.

Ta saki zanin. Iska ta ɗauke shi ta yi teku da shi, ba ta ko waiwaya ba, ta yi matakala da gudu tana kiran sunan Tao.